Yaƙin Hitila da Rumbunan Ƙasarmu

   

Maganar da anka ɗora mana yau ita ce ta babban yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, watau daga 1939 zuwa 1945. A lakwal, in mun zo kan wanga darasi, abin da littafi ke ba mu mu koya wa yara shi ne sunayen janar-janar da na biranen Turai da anka rushe. Yaro ya hardace, ya ci jarrabawa, ya tashi yana tsammanin yaƙin bai shafi gidansu ba. To, gaskiya ne ba a jefa bam a ƙasar Maraɗi ba, Bajamushe kuma bai taɓa shan ruwan rijiyar Tarka ba. Amma an ci hatsinmu a wanga yaƙi, an hau raƙumanmu, an ɗebi samarinmu, kakanninmu mata sun yi shekaru suna maƙalƙale da zane guda. Soja yana da lamba da takarda. Wanda ya zauna gida ya ciyar da yaƙin ba shi da ko ɗaya, shi ne muke so mu yi maganarsa.

Ran 3 ga Satumba 1939 Faransa da Ingila sunka ɗaura yaƙi da Jamus. Lokacin nan ko barikin Dakoro babu. Ana mulkin wagga ƙasa daga nesa, kwamandan yana kudu, umurni yana zuwa ta bakin sarakuna da gardawan bariki. Dokar ɗibar soja kuwa tana nan tun 1919: kowace shekara kwamandan ya faɗa wa sarki adadin samarin da zai kawo, likita ya duba su, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya tafi shekara uku. Da yaƙi ya tashi sai anka ƙara yawan. Kafin watan Yuni na 1940, ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa sun ba da mutum wajen 100,000. Kun san kuma wanda ake turawa in an ce a kawo mutum. Ba a cika tura ɗan sarki ko ɗan mai dukiya ba. Maraya ne, da ɗan talaka, da wanda ba shi da mai tsaya masa.

Ku auna abin da ɗaukar saurayi guda yake ga gandu. Gida mai hauya huɗu ya koma mai uku, gona kuwa ba ta ragu ba, bakunan da ke ci ba su ragu ba, lanho na sauran kawuna yana nan yana jiran kaka. Matar da anka bari da goyo ita ce za ta kama hauyar mijin, ta dawo ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya mai gaba ashirin ko talatin. Wasiƙa ba ta zuwa sai jefi-jefi, in ta zo ma sai an nemi mai karanta Faransanci. Mace ta zauna ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa cikin mako shida. Nasara sunka rabu biyu. Tsohon marshal Fetan ya sa hannu ga sulhu, ya kafa gwamnatinsa a garin Bishi. Janar Digol ya gudu London ya ce shi bai yarda ba. Nan fa rigimarsu ta faɗo kanmu. Gwamnan Cadi, Feliks Ebuwe, wanda baƙar fata ne, ya bi Digol ran 26 ga Agusta 1940. Babban gwamna na Dakar, Buwason, ya tsaya bayan Fetan, har ya buɗe wuta ga jiragen ruwan Ingila da na Digol da sunka zo Dakar a watan Satumba. Nijar tana ƙarƙashin Dakar, saboda haka munka wayi gari mutanen Fetan ne mu, ba tare da an tambayi kowa ba, anka ba mu gwamna soja, janar Falbi. 'Yan lakwal na zamanin anka sa su suna rera waƙar yabon wani tsoho da ba su taɓa gani ba. Gabas gare mu Cadi ta zama ƙasar abokan gaba. Kudu gare mu Nijeriya, ƙasar Ingilishi, ita ma haka. Anka tsare iyaka.

A nan muke so mu daɗe, jama'a, don nan ne yaƙin ya shiga ɗakin kowa. Iyakar nan da Faransa da Ingila sunka shata, anka kafa mata alamomi tsakanin 1906 da 1908, ta raba wa da ƙane. Maraɗi da Katsina tafiyar kilomita 90 ce ko kusa da haka. Mutanen Jibiya danginmu ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, wajen 1912, duk abin da wagga ƙasa ke sayarwa kudu yake bi: gujiya, fatu da ƙiraga, shanu, tumaki. Kamfanonin Nasara da ke da kanti a Maraɗi, irin su CFAO da SCOA, ta Kano suke fitar da gujiyar da sunka saya, don Kwatano tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, Dakar kuwa ba a magana. Abin da muke saye shi ma ta kudu yake shigowa: turamen yadi, goro, kananzir, ashana, sukari, tasa, allura. Rana guda anka ce wagga hanya ta zama ta maƙiyi. Jiragen ruwan Ingila kuma sun tare teku, kayan Faransa ba su isowa sai kaɗan, kaɗan ɗin ma ana raba shi da takarda, Nasara da ma'aikatan bariki ne a gaba.

Abin da ya fi ciwo shi ne tufa. Ku tuna abin da ƙyalle yake a rayuwar Bahaushe. Da shi ake goya jariri, da shi ake haɗa kayan aure, da shi ake rufe mamaci. Kanti ya bushe, kuɗi na hannu amma babu abin saye, wanda ake samu a ɓoye kuma ya yi tsadar da talaka ba ya kusantarsa. Sai mata sunka koma ga mazari. Auduga ta gona, a gurje, a shiɓe, a kaɗa zare da dare bayan an gama aikin yini, a kai wa masaƙi, a ɗinka ƙwarya-ƙwarya a yi zane, mai hali ya kai marina. Masaƙan da yadin kanti ya fara kashe wa kasuwa sunka sake zama manyan mutane. Da ashana ta ƙare anka koma ga ƙyastu da ɗibar wuta gidan maƙwabta. Da kananzir ya ƙare anka zuba man gujiya a kasko anka sa lagwani. Sabulu kuwa na toka ne, wanda mata sunka iya tun kaka da kakanni.

Gishiri bai gagare mu ba kamar yadda ya gagari waɗansu ƙasashe, sai mu gode wa Allah mu gode wa Buzaye. Ayarin da ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma bai san Fetan ba bai san Digol ba. Yana kai hatsi, yana kawo kantu da dabino. Abin lura ne: duk abin da ya riƙe mutane a shekarun nan, daga mazari har raƙumin ayari, shi ne abin da Nasara ke kira aikin jahilci wanda ya kamata ya wuce.

Iyaka kuma ba ta tsaru ba yadda Dakar ke so. Wa zai tsare dajin da ba shi da ƙofa? Mutane sunka riƙa bi da dare, da jaki ko da kaya a kai, su kai dabba ko fata, su dawo da ɗan yadi da goro. Sai dai hatsarin ya ƙaru ƙwarai. Kafin yaƙi, in duwan ya kama ka, maganar kuɗin fito ce. A zamanin Bishi ana iya ce maka ɗan leƙen asirin Ingilishi, ko mai kai wa mutanen Digol labari. Dokar andijina kuwa ta ba kwamandan ikon ya rufe mutum ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba. Waɗansu sun yi arziki a wagga hanya, ba mu musu. Amma mafi yawa zane guda sunka je nema.

Gujiya ma ta shiga uku. Faransa tana kukan mai, hanyar Kano a rufe, motoci babu fetur. A 1942 anka kafa injin matsar man gujiya na Siconiger a Maraɗi. Ga manomi dai labarin ɗaya ne: a ce ya shuka, a yanka masa farashi, ya karɓi takardar kuɗi wadda ba ta sayen komi a kanti, ya juya ya miƙa ta lanho.

Sai maganar hatsi, wadda ita ce rai. Bayan yunwar 1931, wadda ta yi ɓarna a yammacin Nijar, gwamnati ta tilasta rumbun tsimi: kowane mai gida ya zuba wani kashi na abin da ya noma a rumbun da ba ya buɗuwa sai da izini. A takarda dabara ce mai kyau, don manomi da kansa ya san tsimi tun kafin zuwan Nasara. Bambancin shi ne wanda ke riƙe da izinin. Mutum yana kallon rumbun da ya cika da guminsa, ɗiyansa suna kwana da yunwa, ba shi da ikon ya zari dami guda sai kwamandan ya ce. A kan wanga ga kuɗin sosayete na dole da ake karɓa tare da lanho. Da yaƙi ya zo sai ga ƙarin soja a barikoki da bakin iyaka, ga 'yan aikin hanya, duka sai sun ci. Daga ina? Aka yanka wa kowace ƙasa nata kason, sarki ya raba wa masu gari, masu gari su raba wa gidaje. Farashin gwamnati ne, ba na kasuwa ba. Kai ne kuma za ka ɗauka, a kanka ko a jakinka, ka kai inda anka ce. Tsakanin kwamandan da mai gida akwai hannuwa da yawa, kowane hannu kuma yana da ɗanko. Wannan ba laifin Nasara kaɗai ba ne, namu na ciki, mu faɗi gaskiya ko da a gaban jikokinsu ne.

Makiyaya ba su tsira ba. Da motoci sunka tsaya, raƙumi da takarkari sunka zama motar gwamnati. Ana ƙirga garke, a zaɓi na zaɓe, a tafi da shi jigila, ya dawo da gyambo a baya in ya dawo. Shanu kuma na naman soja. Buzaye ba su manta ba cewa irin wagga ɗibar raƙuma a yaƙin farko tana cikin abin da ya tayar da Kawusan a Agadas a 1916, sun kuma san yadda anka yi da Abzin bayan nan. Saboda haka wanga karo babu takobi. Mai dabba ya nausa arewa inda gardi ba ya kai.

Kada wani ya ce ai can ƙasar Ingilishi daɗi ake sha. A 1942 damina ta yi gardama, yunwa ta kama ƙasar Katsina da Sakkwato, wadda mutanen can sunka sa wa suna 'Yar Gusau. A shekarar nan ce Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza, sai Ingilishi sunka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 sun ɗebi talakawan Arewa aikin tilas a ramukan kuza, mutum wajen 100,000, cikin sanyin dutse, da abinci kaɗan, da yawa ba su koma gida ba. An karɓi hatsi don ciyar da su. Filin jirgin saman Kano ya zama zango ga jiragen yaƙi masu tasowa daga Takoradi zuwa Masar. Samarinsu kuma anka kai su har Bama. Watau wa yana ciyar da Fetan, ƙane yana ciyar da Sarkin Ingila, an ce musu maƙiyan juna ne su, alhali tuwon da ya ragu a akushinsu iri ɗaya ne.

Ran 8 ga Nuwamba 1942 sojan Amurka da na Ingila sunka sauka a Maroko da Aljeriya. Kafin watan ya ƙare Buwason ya juya ya bi su. Anka sauke hoton Fetan daga bangon ofis, daga baya anka rataya na Digol. A Yamai gwamna Tobi ne ke riƙe da ƙasa, tun daga 1942 har 1954. Iyaka ta ɗan saki, mutane sunka yi ajiyar zuciya. Amma wanda ya zaci kaya zai sauka ya yi kuskure. Da can Faransa ta fita daga yaƙi, yanzu ta koma ciki, ba ta kuwa da ƙasa sai tamu. Daga 1943 anka koma ɗibar soja gadan-gadan, anka ƙara kason gujiya da na hatsi da na dabbobi, anka riƙa tara kuɗin gudummawa wanda sunansa na son rai ne. Mutanen Gine sun sha wuyar neman roba a daji, mu kuma namu rabon ke nan. A bakin talaka shekarun Digol ba su fi na Fetan sauƙi ba, ko da littafin lakwal ya kira na farko duhu na biyu haske.

To, me talaka ya yi? Ba shi da bindiga, ba shi da jarida, ba shi da jam'iyya. Ƙafa gare shi. Waɗansu sunka ƙetare kudu, gida guda, wani lokaci ƙauye guda. Waɗansu sunka yi arewa, inda daji yake da faɗi, bariki kuma da nisa: a gina rijiya, a sassabe gona, a kafa bukka. Ba mu ce yaƙi kaɗai ya kawo mutane wagga ƙasa ba. Gonakin kudu sun gaji, jama'a ta yi yawa, hawan arewa ya fara kafin yaƙi, ya kuma ci gaba bayansa. Amma gudun lanho da aikin dole da ɗibar soja yana cikin abin da ya cika ta. Ku tambayi asalin garuruwanku, ku ji shekarar da anka gina rijiyar farko, ku ji daga inda mai ginin ya taso da abin da ya taso da shi. Nasara ma sun lura. A 1947, shekara biyu bayan yaƙi, sunka kafa bariki a nan Dakoro. Takardar lanho ta biyo sawun waɗanda sunka guje mata.

Samarin da anka ɗiba fa? Waɗansu sun mutu a Faransa a 1940, har da waɗanda Jamusawa sunka harbe bayan sun miƙa wuya, kamar a Shaselai kusa da Liyon. Dubbai sun yi shekara huɗu a sansanin fursuna. Waɗansu suna cikin rundunar da ta sauka a kudancin Faransa ran 15 ga Agusta 1944. Da nasara ta matso, anka janye baƙaƙen soja daga fagen fama anka ba Turawa kayansu. Ran 1 ga Disamba 1944, a sansanin Caroy kusa da Dakar, tsofaffin fursunoni sunka nemi kuɗinsu da anka riƙe, anka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce 35 sunka mutu, masu binciken tarihi suna cewa sun fi haka nesa ba kusa ba. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa, kisan gilla. Fanshon waɗanda sunka rayu anka daskarar da shi da dokar 1959, ba a daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai 2011, lokacin da mafi yawansu suna kabari.

Shekarar da yaƙi ya ƙare, 1945, Gulbin Maraɗi ya cika ya ci tsohon gari, anka tayar da mutane zuwa tudu inda birnin yake yanzu. Mutanen da sunka fito daga shekara shida ta rashi sunka shiga ginin sabbin gidaje.

Abin da ya biyo baya kun san shi. A taron Barazabil na farkon 1944 Digol ya yi alkawarin gyara, amma taron ya ce babu maganar mulkin kai. Anka soke andijina tsakanin Disamba 1945 da Fabrairu 1946. Ran 11 ga Afrilu 1946 dokar Hufuwet Buwanyi ta kashe aikin dole. Ran 7 ga Mayu dokar Lamin Gey ta ce mu ma 'yan ƙasa ne. A watan nan na Mayu anka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, a watan Oktoba kuma anka yi taron Bamako wanda ya haifi RDA. Ana yawan cewa jinin sojanmu ne ya sayo waɗannan dokoki, gaskiya ne. Amma a sa damin hatsi a ma'auni, a sa raƙumin da bai dawo ba, a sa garuruwan da sunka watse har kwamandan ya rasa wanda zai ƙirga. Gwamnati ta ga cewa in ta ci gaba da matsa mutane haka, za ta wayi gari da ƙasa babu kowa a cikinta. Kuma da 'yan siyasar farko sunka fito yawon ƙauyuka, abin da ya sa talaka ya saurare su shi ne maganar aikin dole da rumbun tsimi da lanho, don su ya sani a jikinsa.

Soja aƙalla ya samu wanda ya kai ƙararsa kotu. Hatsin da anka karɓa a wagga ƙasa, in an rubuta shi, rubutun yana cikin rahoton kwamandan, da Faransanci, a ɗakunan ajiyar takardu na Yamai da Dakar da Faransa, kuma kwamandan ba ya rubuta sunan matar da ta daka shi. Wanda yake ɗan shekara goma a 1942 yau ya haura casa'in. Kaɗan sunka rage a garuruwanmu, mafi yawansu mata. Saboda haka ga roƙonmu. Duk gidan da ke da irin wanga tsoho ko tsohuwa, a aiko mana labari a lakwal, mu za mu zo da kanmu da littafi da alƙalami, ba sai an wahalar da su ba. Wanda ke da tsohuwar takardar lanho, ko littafin soja na kakansa, ko lambar yabo, ko wasiƙa, ya kawo mu kwafa mu mai da masa a hannu ranar. Manyan 'yan aji kuma za mu ba kowannensu tambaya huɗu ya kai gida lokacin hutu: wa anka ɗiba daga gidanku, me anka karɓa, me kunka sa a jiki, kuma wace shekara kunka zo inda kuke. Abin da sunka kawo za mu karanta shi a nan, gari-gari, a zama mai zuwa in Allah ya kai mu.